Hoton Dangi Ranar Aure: Wa Muka Manta?

Karatu: 1 Sama'ila 16:1-13; Yaƙub 2:1-9

Kaka ta yi, gero da dawa sun shiga rumbu, kuma daga yanzu har bayan Kirsimeti da wuya mako ya wuce ba mu sami katin gayyatar aure ba. In bai fito daga nan yankin Fakku da Kebbe da Tambuwal ba, zai fito daga Sakkwato, ko Zuru, ko Yauri, inda da yawanmu ke da dangi. Muna yi wa Allah godiya saboda kowane gida da za a kafa.

Yau muna so mu yi magana a kan wani ɗan lokaci da ba a cika yin wa'azi a kansa ba. Shi ne lokacin da aka sa albarka, aka fito daga majami'a, mawaƙa suna ta rera waƙa, mai hoto kuma ya ɗaga murya ya ce dangin amarya su matso. Wani zai ce ina ruwan fasto da wannan, ai aikin mai hoto ne. Bari mu gaya muku abin da ya sa muka sa baki.

Shekarun baya mun ɗaura wani aure. Amaryar marainiya ce. Gwaggonta ce ta riƙe ta tun tana 'yar shekara huɗu, da kuɗin ƙuli-ƙuli da 'yan awaki ta biya mata makaranta har ta gama. Ranar aure gwaggo tun asuba tana bayan gida wajen tukwane, domin ba ta yarda wani ya tsaya a kan abincin bikin 'yarta ba. Mai hoton baƙo ne, daga birni aka ɗauko shi, bai san kowa ba. Da ya kira dangi, waɗanda ke kusa da ƙofa, masu ado, su suka matso. Aka ɗauki manyan baƙi, aka ɗauki 'yan anko, aka ɗauki abokan aikin ango. Da albam ya fito, fuskar gwaggo ba ta cikin ko da shafi ɗaya. Ita kuwa ba ta ce komai ba, har Ubangiji ya kira ta kafin a cika shekara biyu. Da aka zo buga takardar jana'iza aka nemi hotonta aka rasa, sai na katin zaɓe aka yi amfani da shi. Kukan da amaryar nan ta yi a gabanmu ba na rashin kaɗai ba ne.

Babu wanda ya yi nufin mugunta a ranar. Mu ma kanmu muna cikin masu laifi, gama mun tsaya a hoto har huɗu, ba mu tambayi ina gwaggo take ba. Rashin shiri ne ya jawo, kuma duk inda ba a yi shiri ba, mai ƙarfin murya da mai kyawun riga su ke cin gaba, mai kunya da mai hidima su ke zama a baya.

Ra'ayinmu ke nan: hoton dangi shaida ce da muke bayarwa a kan waɗanda muke ɗauka namu. Shinkafa za ta ƙare ranar, anko zai koɗe, amma hoton zai rataya a bango shekara talatin. 'Ya'yan da ba a haifa ba tukuna za su tsaya a gabansa su yi tambaya, wane ne wannan, wace ce wannan. Daga nan za su koyi danginsu. Wanda ba ya ciki kuwa, a hankali sunansa zai fita daga bakin gida. Saboda haka tsara shi aiki ne na girmama iyaye da yin adalci, kuma ya cancanci a zauna a kansa kamar yadda ake zama a kan sadaki da abinci.

Ku duba karatunmu na fari. Sama'ila ya je Baitalami gidan Yesse, aka jera masa 'ya'ya bakwai, ɗaya bayan ɗaya. A ganin Yesse jerin ya cika. Sai da annabin ya tambaya ko akwai saura kafin aka tuna da autan, wanda ke can wajen kiwon tumaki. Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne, Sama'ila ya hana kowa zama har sai an je an kira yaron. Ashe wanda aka bari a bakin aiki shi ne Dauda, shi ne kuma wanda Allah ya zaɓa. A kowane biki akwai wanda yake can wajen tumaki: mai tuƙa tuwo, mai ɗebo ruwa, mai gadin babura, mai zama da tsohuwa a ɗaki. Muna bukatar mutum ɗaya mai zuciyar Sama'ila da zai ce a dakata, akwai saura.

Karatu na biyu ya fi zafi. Yaƙub ya kwatanta mutum biyu da suka shigo taron masu bi, ɗaya da zoben zinariya da tufafi masu kyau, ɗaya matalauci cikin tsumma. Aka ba na farin wuri mai kyau, aka ce wa na biyun ya tsaya can ko ya zauna a ƙasa. Yaƙub ya kira wannan tara, ya kuma kira shi zunubi. Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Sau nawa muka tsayar da iyayen ango cikin rana domin wani babban baƙo yana sauri, a fara ɗaukarsa tukuna? Sau nawa aka tura kawu na ƙauye layin baya saboda rigarsa ba ta shiga da kalar biki ba? Ba mu ce a wulaƙanta manyan baƙi ba, girmama su wajibi ne. Amma babban baƙo mai hankali ba zai ji haushi ba in aka ce masa, "Ranka ya daɗe, bari mu fara da kaka, ƙafarta ba ta jimre tsayuwa."

Akwai kuma gidajen da matsalarsu ta wuce mantuwa. Yawancinmu ba daga gida mai uba ɗaya da uwa ɗaya da ke zaune lafiya muka fito ba. Akwai wanda babansa yana da mata biyu ko uku tun kafin ya karɓi bishara. Akwai wadda iyayenta sun rabu, kowa ya sake aure. Akwai 'yan uba da ba sa ga maciji da juna, akwai agola da ya girma a gidan amma har yau ba a san ko a kira shi ɗa ba. Ranar aure duk waɗannan sukan taru a tsakar fili ɗaya, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ba a yi magana tun da wuri ba, a gaban jama'a ne za a yi ta, wata ta ce in wance ta tsaya ita ba za ta tsaya ba.

A nan muna samun ƙarfafawa daga sura ta fari ta Matiyu. Jerin kakannin Yesu shi ne hoton danginsa, kuma ba a yanke kowa daga ciki don a rufe asiri ba. Tamar tana ciki. Rahab ta Yariko tana ciki. Rut, baƙuwa daga Mowab, tana ciki, haka ma matar Uriya. Akwai sarakuna masu tsoron Allah, akwai kuma irin su Manassa. In Ubangijinmu bai ji kunyar jerin nan ba, kada mu ji kunyar namu. Wannan ba ya nufin a tilasta wa mutum biyu masu rauni a zuci su tsaya kafaɗa da kafaɗa. Ana iya ɗaukar hoto biyu, ɗaya da uwa da nata, ɗaya da uba da nasa, kowa ya sami girmansa. Abin da muke roƙo shi ne a yanke shawarar a cikin ɗaki, da addu'a, da bakin dattijo, makonni kafin ranar.

Sai 'yan'uwanmu Musulmi. A wannan yanki namu da wuya ka sami Kirista da ba shi da kawu, ko gwaggo, ko maƙwabci, ko abokin kasuwa Musulmi, wasunmu ma iyayen da suka haife su ne. Wanda ya taso ya zo bikinka ya nuna cewa zumunta a ƙafa take, kuma wani lokaci ya sha magana a kan zuwan nasa. Kada mu saka masa da kunyatarwa. A tambaye shi tun da wuri ko yana so a ɗauke shi, in ya ce a'a a karɓa da fara'a. Wani ba zai so ya tsaya a ƙofar majami'a ba amma zai yi murna a ɗauke shi a ƙofar gida ko wurin liyafa, to, a shirya masa can. A lura da lokacin Azahar da La'asar, kada a kira sunansa sa'ad da ya tafi salla sannan a ce ai an neme shi ba a gan shi ba. Kada kuma mai hoto ya cusa mata cikin maza yana cewa a matse. Ƙauna ta gaskiya takan lura da irin waɗannan.

Haka ma zancen kunya ta gidajenmu. Akwai uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, akwai surukin da ba ya haɗa ido da surukarsa. Irin tsayuwar da muke gani a waya, uwa ta rungume ango, uba ya sumbaci goshin amarya, ba kowane gida ne ya saba da ita ba. In Inna ta fi so ta zauna a kujera ta sunkuyar da kai, a bar ta. Hoton da ya nuna ta yadda take ya fi wanda aka tilasta ta ta zama wata.

Mun san akwai masu ja da wannan magana ta fuska biyu. Wasu dattawa sun ce mana hoto kayan duniya ne, a rage shi ko a daina, su da suka yi aure ba hoto ga shi aurensu ya kai shekara arba'in. Muna girmama su, kuma suna da gaskiya a wani fanni: hoto ba ya riƙe aure, kuma mun ga matasa da suka kashe wa hotunan kafin aure kuɗin da ya isa buhun masara biyu. Amma a Yoshuwa sura 4, da Isra'ilawa suka haye Urdun, Allah da kansa ya sa aka ɗauko duwatsu 12 aka kafa domin in 'ya'ya suka yi tambaya gobe a sami abin nuna musu. Abin tunawa ba laifi ba ne. Laifin yana wajen fahariya.

Matasa kuma sukan ce, "Fasto, ai ranarmu ce." I, ranarku ce, kuma muna so ku ji daɗinta. Ku ɗauki naku hoto ku biyu, ku ɗauka da abokai, ku yi dariya. Amma ba ku kuka kawo kanku ranar ba. Wani ya yi noma, wata ta yi goyo, wani ya sayar da akuya. Abokan makaranta da suka cika albam, bayan shekara goma rabinsu ko lambarsu ba za ku samu ba. Kaka kuwa wataƙila wannan ne hotonta na ƙarshe.

To, yaya za a yi? Ba a fafe gora ranar tafiya. Bulus ya gargaɗi Korintiyawa a kan yin kome bisa tsari (1 Korintiyawa 14:40), kuma ga abin da muke ba da shawara.

Da fari, mako biyu kafin aure, ango da amarya su zauna da takarda da biro, kowa da babba ɗaya daga gidansu. A rubuta rukuni-rukuni, kuma a rubuta sunaye. Kalmar "dangin amarya" ita ce ta bar gwaggo a madafa. A rubuta Gwaggo wance, Baffa wane, Kawu wane. Bayan an gama a yi tambayar Sama'ila: akwai saura? Wa ya yi goyo? Wa ya biya kuɗin makaranta? Wa ya riƙe ni da na zo gari karatu? Wace gwauruwa ce a danginmu da ba ta da mai tura ta gaba?

Na biyu, a yi lissafin lokaci. Tara mutane, jera su, da ɗauka sau biyu ko uku saboda masu ƙifta ido, yakan ci kamar minti uku ga kowane rukuni. Rukuni 12 minti 36 ke nan. Rukuni 30 awa ɗaya da rabi ne, kuma ba tsohon da zai jimre wannan. A tsaya a kan 10 zuwa 12 a ƙofar majami'a, sauran a bar su sai wurin liyafa.

Na uku, a fara da tsofaffi, da marasa lafiya, da masu goyo, da masu tafiya nesa. Wannan na ƙarshe ba ƙaramar magana ba ce. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato kimanin kilomita 100 ne, wanda kuma ya taso daga Fakku sai ya fara fitowa babbar hanya tukuna. Dukanmu mun san halin da hanyoyinmu ke ciki a shekarun nan, ba mai son dare ya yi masa a daji. Duk rabin awa da muka ɓata muna neman wane da wance, daga hasken ranar baƙonmu muka cire ta. Kada son hoto ya sa mu jefa ɗan'uwa cikin hatsari. Wannan ma dalili ne na fara sujada a kan lokaci. Ga majami'un da ke da lasisin gwamnati, Dokar Aure ta Nijeriya ta ce a ɗaura auren tsakanin ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma, ƙofa a buɗe, a gaban shaidu aƙalla biyu ban da mai ɗaurawa. Doka ta ba mu har yamma, amma hanya ba ta ba mu ba. Shaidun nan da suka sa hannu a takarda, su ma a sa su a jerin hoto.

Na huɗu, a zaɓi wuri tun kafin ranar. Ranar tsaka ba ta yi wa fuska kyau: tana sa a runtse ido, tana jefa inuwa a ƙarƙashin gira da hula, farar rigar amarya ta yi ta walƙiya fuskoki kuma su yi duhu. A nemi inuwa mai faɗi, gindin dogon yaro ko jikin gini. A watan Disamba rana takan karkata kudu, saboda haka inuwar majami'a tana faɗuwa ta arewa, nan ne wurin tsayuwa. A bikin bayan Ista kuwa, wajen ƙarshen Afrilu, rana takan tsaya a tsakar ka, zafi ya wuce digiri 40, gini ba ya ba da inuwa da tsakar rana, sai an kafa rumfa. A ajiye kujeru huɗu ko biyar na tsofaffi, da ruwan sha kusa.

Na biyar, a yi magana da mai hoto a fili. Nawa ne kuɗin, hoto nawa zai wanke, yaushe zai kawo, a rubuta. A ba shi jerin a hannu. A gaya masa inda zai tsaya a lokacin sujada, domin sa'ad da ake ɗaukar alkawari da sa'ad da ake addu'a ba lokacin zirga-zirga a gaban bagade ba ne. Masu waya kuma su yi haƙuri har ya gama, gama in waya goma ta ɗago, kowa a hoton yakan dubi wajen da ya ga dama.

Na shida, a nemi izini kafin a sa hoton wani a Facebook ko WhatsApp. A gare ka murna ce. Ga wata gwaggo da ta zo a ɓoye saboda ƙaunar da take yi maka, yana iya zama fitina a gidan mijinta. Hoton da ya fita ba ya dawowa.

Na bakwai, a wanke hoto a takarda. Waya takan faɗa ruwa, a sace ta, ko kati ya lalace. Kaka ba ta da waya mai hoto. A cikin kuɗin biki a ware na firam biyu, ɗaya gidan iyayen ango, ɗaya gidan iyayen amarya, kuma ma'auratan su kai da ƙafarsu.

Yanzu ga inda zumuntar matasa ta shigo. A Ayyukan Manzanni sura 6, gunaguni ya tashi a ekklisiyar Urushalima domin ana manta da gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce ƙaramin abu ne ba. Sun sa aka zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, aka ɗora musu aikin. Muna roƙo a kowane aure zumunta ta ba da mutum biyu, ɗaya da ya san dangin ango, ɗaya da ya san na amarya. Aikinsu riƙe takarda, kiran suna, da zuwa da ƙafa a kamo hannun wanda ba ya nan. Wasu biyu kuma su je madafa su karɓi muciya na minti goma, domin iyayenmu mata su wanke fuska, su gyara ɗaurin kallabi, su zo a ɗauke su. Ba za a ga masu wannan hidima sosai a albam ba, amma Uban da ke gani a ɓoye ya gani.

Ku tuna da bikin Kana ta Galili a Yohanna sura 2. Shugaban biki ya ɗanɗana ruwan inabin, ya yaba, amma bai san inda ya fito ba. Ma'aikatan da suka cika tuluna shida da ruwa, su suka sani. Alamar farko da Yesu ya yi, a gaban masu hidima ya yi ta, can gefen taro. In da mai hoto yana wurin ranar, wataƙila da yana can wajen babban tebur. Ku da za ku yi aure a wannan kaka, ku ɗauki takarda yau da dare ku fara rubuta sunaye, ku fara da wanda ba zai taɓa tura kansa gaba ba.

Mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode maka domin iyaye da dangi da ka ba mu, da waɗanda suka ɗauki nauyinmu ba tare da neman yabo ba. Ka gafarta mana inda muka duba riga muka manta da mutum. Ka ba masu shirin aure hikima da tawali'u, ka sulhunta gidajen da ke da rauni, ka kiyaye baƙinmu a hanya, zuwa da komawa. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.